Magnoliyar tauraro ko 'yan uwanta: wacce ce ta dace da lambun gida a ƙasar sanyi?

Duk wanda ya yi zama a Ingila ko Jamus ko arewacin Amurka ya san wata gajeriyar bishiya da ke cika da fararen furanni a ƙarshen watan Maris ko cikin Afrilu, a lokacin da sauran itatuwa suke tsaye babu ko ganye ɗaya. Masana tsirrai suna kiranta Magnolia stellata, a nan kuma za mu kira ta magnoliyar tauraro, saboda siraran fallayen furenta da ke bajewa ta kowace kusurwa. Bahaushen da Allah ya hore wa gida mai ɗan fili a Birmingham ko Hamburg ko Toronto, ya kuma ƙudurta dasa irinta, zai je wurin masu sayar da dashe ya tarar da ita a jere da 'yan uwanta uku ko huɗu, dukkansu ba su wuce ƙugu ba, a cikin tukwanen roba iri ɗaya, kowace da hoton furenta a rataye. A wannan girma ido ba ya bambanta wadda za ta tsaya a mita uku da wadda za ta kai mita takwas ta toshe taga, hoton kuwa ba ya faɗin abin da sanyin dare ɗaya zai yi wa furen.

Abin da ya sa zaɓen yake da nauyi shi ne magnoliya ba ta yarda da sauyin wuri. Saiwoyinta masu tsoka ne, masu taushi, suna bazuwa kusa da fuskar ƙasa maimakon su nutsa, kuma ɗan taɓin fartanya ya isa ya karya su, raunin kuwa yakan zama ƙofar ruɓewa. Bishiyar da ta yi shekara biyar a wuri ɗaya, idan aka tone ta aka kai ta wani, takan daɗe tana jinya, wani lokaci ma ba ta tashi. Sara ma ba ya gyara kuskuren da aka yi wajen zaɓen girma, domin magnoliyar da aka datse wa kai takan fitar da dogayen tofo miƙaƙƙu masu ɓata mata siffa, sannan ta hana mai ita fure na shekara ɗaya ko biyu. Saboda haka shawarar da za a yanke a gaban tukwanen nan ita ce wadda za a zauna da ita shekara ashirin ko talatin.

Asalin magnoliyar tauraro wani ɗan yanki ne na tsibirin Honshu a Japan, a gundumomin Gifu da Aichi da Mie da ke kusa da mashigin tekun Ise. A can tana tsirowa a gefen ƙoramu da ƙananan fadamu a gindin tuddai, kuma gine-gine da busar da fadamun sun rage yawanta a daji har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, alhali a lambunan duniya tana ko'ina. Wani likita Ba'amurke mai suna George Rogers Hall ne ya kai ta Amurka a 1862, ta kuma isa Ingila a ƙarshen shekarun 1870. Abin da mai lambu zai riƙe daga wannan tarihi shi ne cewa bishiyar bakin ruwa ce, wadda ta saba da ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye, don haka ƙishi ya fi sanyi yi mata illa. Jikinta yana jure sanyin da ya kai wajen digiri 30 ƙasa da sifili, abin da ya sa ake ganinta har a kudancin Kanada, amma fari na mako uku a watan Yuli yana iya rage furen shekara mai zuwa, domin a wannan lokacin ne take ƙulla ƙunshin furanninta.

Babban abin da ya fifita ta a kan sauran shi ne ƙanƙantarta da jinkirin girmanta. A cikin shekara goma na farko ba kasafai take wuce mita biyu zuwa biyu da rabi ba, kuma ko ta tsufa takan tsaya tsakanin mita uku da shida, gwargwadon ƙasa da yanayi, da faɗin da ya kusa kai tsawonta. Ba ta yin kututture ɗaya dogo, rassanta tun daga gindi suke rabuwa su yi dunƙule, saboda haka furen yana daidai idon mai wucewa, ba a can sama ba. Tana kuma fara fure tun tana ƙarama, har a wurin mai sayarwa ma akan ga wadda ba ta kai mita ɗaya ba tana ɗauke da furanni.

Wanda ya matsa kusa da ita a watan Janairu zai ga kan kowane reshe yana ɗauke da ƙunshi mai tsini, tsawon gaɓar yatsa, lulluɓe da gashi mai laushi, launin toka mai ƙyalli. Wannan riga ce ke kare furen duk tsawon hunturu. Da rana ta fara ɗumi sai rigar ta tsage gida biyu ta faɗi, fallaye sirara su fito, daga sha biyu zuwa sha takwas a irin na asali, talatin ko fiye a wasu zaɓaɓɓun iri. Faɗin furen bai wuce santimita bakwai zuwa goma ba, fallayen kuma ba su tsaya ƙyam, suna ɗan lanƙwashewa suna rawa da iska, ga ƙamshi mai sauƙi wanda sai an kusanta ake ji. Ba duka ƙunshin ke buɗewa rana ɗaya ba, suna bin juna ne cikin mako biyu ko uku, kuma wannan hali yana da muhimmanci idan an zo maganar sanyi.

Rauninta yana nan a cikin abin da ake sonta dominsa, wato saurin fure. Ƙunshin da bai buɗe ba sanyi ba ya taɓa shi, amma furen da ya buɗe, da zarar ma'auni ya sauka digiri biyu ko uku ƙasa da sifili, raɓa ta daskare a kansa, to kafin hantsi zai koma ruwan ƙasa ya yi laushi kamar tsumman da aka tsoma a shayi. Ƙarshen Maris da farkon Afrilu kuwa lokaci ne da irin wannan dare bai ƙare ba a yawancin ƙasashen da ake dasa ta. Bishiyar kanta ba ta cutuwa, ganye zai fito a kan lokacinsa, sai dai abin da aka yi shekara guda ana jira ya tafi. Abin da ke rage asarar shi ne ƙunshin da suka makara, waɗanda za su buɗe bayan sanyin ya wuce, sannan siraran fallayen da suka lalace sukan bushe su kakkaɓe da wuri ba tare da sun daɗe suna muni a kan reshe ba.

Ko a cikin gidan tauraro akwai zaɓi. 'Royal Star' ita ce wadda aka fi samu a kasuwa, fara ce mai fallaye ashirin da biyar zuwa talatin, kuma tana jinkirta fure da kimanin mako ɗaya ko fiye a kan irin na asali, jinkirin da yakan raba ta da dare mai haɗari a shekaru da dama. 'Centennial' ta fito ne daga lambun bincike na Arnold Arboretum da ke Boston, an kuma sa mata suna a 1972 don cikar lambun shekara ɗari, furenta ya fi girma, ita ma ta fi tsayi da miƙewa. Mai son ruwan hoda sai ya nemi 'Jane Platt', wadda launinta ya fi zama a kan na 'Rosea', domin ita 'Rosea' takan fara da ruwan hoda ta kuma koɗe ta zama kusan fara kafin furen ya faɗi. A ganina wanda bai da wani dalili na musamman ya ɗauki 'Royal Star', ko don jinkirin nan kaɗai.

Abokiyar hamayyarta ta farko ita ce Magnolia × soulangeana, wadda za mu kira magnoliyar Soulange, kuma ita ce yawancin mutane ke nufi idan sun ambaci magnoliya a Turai. Étienne Soulange-Bodin, tsohon hafsan sojan doki na Napoleon wanda ya koma aikin lambu a Fromont kusa da Paris, shi ne ya haɗa iri biyu na ƙasar Sin, Magnolia denudata da Magnolia liliiflora, a wajen 1820, abin da ya samu kuma ya yi furen farko a 1826. Furenta yana da siffar kofi, faɗinsa daga santimita goma zuwa ashirin, fallayensa masu kauri ne, fari a ciki, ruwan hoda ko shunayya a waje. Idan babba ta cika da fure babu wata magnoliyar tauraro da za ta tsaya kusa da ita wajen ɗaukar ido daga nesa, wannan kam ba abin musu ba ne.

Sai dai kuɗin wannan kyau fili ne. Magnoliyar Soulange takan kai mita shida zuwa takwas, faɗinta kuma yakan kai haka, da manyan rassa da ke miƙewa a kwance ƙasa-ƙasa. A titunan Landan ana yawan ganin wadda aka dasa a ɗan filin gaban gida da bai wuce taku huɗu ba, ta girma ta rufe tagar falo, masu gida suka gaji suka sa aka sare mata rassa ta gefe ɗaya, ta zama abin tausayi. Bayan fure kuma, tun daga Mayu har Oktoba, abin da ke akwai manyan ganyaye ne masu inuwa mai duhu, waɗanda ba sa barin ciyawa ko ƙananan furanni su yi kyau a ƙarƙashinsu. Ta fuskar sanyi ma ba ta fi tauraro sa'a ba, duk da cewa takan makara da 'yan kwanaki, kuma idan raɓa ta daskare a kan manyan fallayenta, sukan rataye a kan rassa na kwanaki suna ruɓewa, sannan su zubo su yi santsi a kan daɓe ko matakala. Wanda yake da fili mai faɗin mita goma ko fiye, inda bishiyar za ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar ciyawa nesa da bango, shi ne ya cancanci ya saye ta. Wanda filinsa bai kai haka ba ya ji daɗinta a lambun maƙwabci.

Tsakanin waɗannan biyu akwai Magnolia × loebneri, wadda Max Löbner ya samar a Pillnitz ta Jamus gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta hanyar haɗa magnoliyar tauraro da 'yar uwarta ta Japan, Magnolia kobus. Daga tauraro ta gaji siffar fure da saurin fara yinsa, daga ɗaya ɓangaren kuma ta gaji tsayi da ƙarfi. Iri biyu ne suka yi suna. 'Leonard Messel' ta fito daga lambun Nymans da ke Sussex a kudancin Ingila, furenta ruwan hoda ne mai fallaye wajen sha biyu, kuma masu lambu a Ingila sun daɗe da lura cewa buɗaɗɗen furenta ya fi na yawancin magnoliya jure sanyin dare. 'Merrill' kuwa fara ce mai ƙamshi, daga Arnold Arboretum, an samar da ita a 1939, tana kuma girma da sauri har ta kai mita takwas ko tara. Bambancinsu da tauraro shi ne waɗannan bishiyoyi ne na sosai masu tashi sama, ba dunƙulen rassa ba. 'Leonard Messel' takan tsaya wajen mita biyar zuwa bakwai, rassanta sirara ne masu barin haske ya ratsa, don haka ana iya zama ko shuka wani abu a ƙarƙashinta. Ga lambu matsakaici, inda ake son bishiya ɗaya da za ta kare ganin tagar maƙwabci ta sama ba tare da ta cinye filin ba, ita ce nake ganin ta fi duka, har da tauraro.

Matsalar sanyin ƙarshen hunturu ce ta sa masana biyu a lambun bincike na ƙasa da ke Washington, Francis de Vos da William Kosar, suka haɗa magnoliyar tauraro da Magnolia liliiflora a 1955 da 1956. Sun fitar da iri takwas a 1968, dukkansu da sunayen mata: 'Ann', 'Betty', 'Jane', 'Judy', 'Pinkie', 'Randy', 'Ricki' da 'Susan'. Manufarsu ita ce a samu bishiya mai girman tauraro wadda za ta jinkirta fure, kuma sun yi nasara, domin waɗannan suna buɗewa mako biyu zuwa huɗu bayan tauraro, wato daga tsakiyar Afrilu zuwa Mayu, lokacin da haɗarin daskarewar raɓa ya ragu ƙwarai. Girmansu yana tsakanin mita biyu da rabi da huɗu da rabi, launinsu kuma ja ne mai shunayya, ya fi duhu a waje. 'Susan' ita ce aka fi samu a Turai, da fallaye shida sirara masu ɗan murɗewa, 'Ann' da 'Jane' kuma sun fi yawa a Amurka. Ba sa yin 'ya'ya, kuma sukan sake jefa fure ɗaya-ɗaya a tsakiyar shekara idan sun samu ruwa.

To me zai hana kowa ya ɗauke su ya huta? Abu na farko, babu fara tas a cikinsu, kuma launin shunayya ba ya haskawa a ranar da gari ya yi duhu da hadari yadda farin tauraro yake yi. Na biyu, saboda makararsu, ƙarshen furensu yakan haɗu da fitowar ganye, sai ganyen ya ɓoye wani sashe, a rasa wannan kallo na fure zalla a kan reshe tsirara wanda shi ne dalilin son magnoliya tun farko. Na uku, a wuraren da ke da zafi da laima a watan Agusta, ganyensu yakan kamu da farar fumfuna mai kama da gari, wadda ba ta kashe bishiya amma tana sa ta yi ƙazanta har kaka. Ban da haka, a tsakiyar Afrilu lambu ya riga ya cika da wasu furanni, alhali tauraro tana zuwa ne a lokacin da furanni ba su yi yawa a fage ba. Duk da haka, wanda gidansa yake a kwari ko gindin gangare inda iska mai sanyi ke taruwa da dare, ko a tsakiyar Amurka inda ɗumin Maris ke yaudarar itatuwa sannan sanyi ya dawo da ƙarfi, gara ya haƙura da tauraro ya ɗauki 'Susan' ko 'Jane', domin furen da ake gani kowace shekara ya fi wanda sai an yi sa'a. Hanya mafi sauƙi ta sanin halin unguwa ita ce zagayawa a farkon Afrilu a duba magnoliyar maƙwabta, a kuma tambayi wanda ya daɗe a wurin sau nawa furen nasa yake ƙonewa.

Ƙasar lambu ma tana da ta cewa. Dukkansu sun fi son ƙasa mai ɗan tsami, wadda ma'aunin pH ɗinta yake tsakanin 5.5 da 6.5, mai riƙe danshi amma ba mai kwanciyar ruwa ba. A wurare da yawa na kudancin Ingila ƙasar tana kan alli ne, kuma a irin wannan ƙasa saiwa ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, sai ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa kawai su rage kore. A nan tauraro da magnoliyar Löbner sun fi sauran haƙuri, matuƙar ƙasar tana da zurfi kuma ana zuba mata ruɓaɓɓen ganye, 'Leonard Messel' da 'Merrill' ma suna cikin waɗanda ake fara ambata ga mai ƙasar alli. Magnoliyar Soulange da 'yan matan Washington, wato iri takwas ɗin nan masu sunayen mata, sun fi saurin nuna rawayar nan. A ɗaya ɓangaren kuma, Soulange ta yi suna wajen jure ƙasar yumɓu mai nauyi da hayaƙin birni. Ɗan kayan gwajin ƙasa ba shi da tsada a shagunan kayan lambu, kuma ya kamata a gwada kafin a sayi bishiya, ba bayan ganyenta ya fara koɗewa ba.

Wurin da aka dasa tauraro yana iya rage mata rabin matsalarta. Mutum yakan ɗauka cewa jikin bangon da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi zama, shi ne gata, alhali ɗumin bangon yana sa ƙunshin ya buɗe tun kafin lokaci, ya faɗa hannun sanyi. Fuskar gabas ma tana da nata aibu, domin ranar safe tana narkar da daskararren fure da gaggawa, wannan kuwa ya fi lalata shi a kan narkewa a hankali. Wuri mai fuskantar yamma, mai samun rana daga azahar, wanda shinge ko wasu itatuwa suka kare daga iskar arewa da gabas, shi ya fi. Idan akwai bishiya mai duhun ganye a bayanta, farin furen zai ƙara fitowa.

Ga wanda yake gidan haya, ko wanda ba shi da komai sai baranda, gasar ta ƙare tun kafin a fara, domin tauraro ce kaɗai, sai kuma 'Susan' da 'Ann', za su yi shekaru a cikin tukunya. Ana bukatar babbar tukunya mai faɗin santimita hamsin ko fiye, mai huji a gindi, da ban ruwa ba fashi daga Mayu zuwa Satumba, a kuma nannaɗe tukunyar da buhu idan hunturu ya tsananta, saboda saiwar da ke tukunya ba ta da kariyar da ta cikin ƙasa take da ita.

Ta fuskar ƙwari babu wadda ta tsira gaba ɗaya. A gabashin Amurka akwai wani ƙwaro mai manne wa reshe, girmansa ya kai santimita ɗaya, yana tsotse ruwan bishiya yana zubar da darɓa, baƙar fumfuna kuma ta hau kan darɓar ta baƙanta ganye da duk abin da ke ƙasa, har motar da aka ajiye. Tauraro da Soulange da 'yan matan duk yana kama su, amma gajeriyar bishiya ta fi sauƙin dubawa da gogewa da hannu. A Turai kuwa dodon koɗi ne ke cinye sabon ganyen ƙaramin dashe.

Akwai kuma Magnolia grandiflora ta kudu maso gabashin Amurka, wadda akan jera tare da su a wurin sayarwa, amma ba sa'arsu ba ce. Ba ta zubar da ganye, tana fure ne a lokacin zafi ɗaya bayan ɗaya, tana kuma iya wuce mita ashirin a ƙasarta. Wanda yake Texas ko Georgia, inda hunturu ke da sauƙi, ya duba ƙaramin irinta mai suna 'Little Gem'.

Tambayar da takan biyo baya ita ce ko za a iya kai tauraro gida a dasa a Kano ko Zinder. Amsar ita ce a'a, dalilin kuma ba rashin kula ba ne. Bishiyoyin ƙasar sanyi masu zubar da ganye suna shiga barci a hunturu, kuma ƙunshinsu ba ya farkawa yadda ya kamata sai ya tara makonni na sanyin da bai wuce wajen digiri 7 ba. Hunturun Kano, duk da jaurar da ke fasa leɓe, darensa yakan tsaya ne wajen digiri 12 zuwa 14, rana kuma ta haura kusa da 30, sannan a Afrilu zafi ya doshi 40 da busasshiyar iska, a daidai lokacin da bishiyar ke bukatar sanyi da danshi don fitar da ganye. Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da tsaunin Mambila da ya fi ta tsayi, sun fi sanyi nesa ba kusa ba, amma can ma sanyin dare ne wanda rana ke korewa, ba irin mai ɗorewa da ake bukata ba. Wanda yake son ganin fure a kan rassan da suka kakkaɓe ganye a ƙasar Hausa yana da Plumeria, bishiyar nan mai kaurin rassa da farin ruwa kamar nono, mai fararen furanni masu rawaya a tsakiya, wadda ake gani a harabar makarantu da tsofaffin gidajen gwamnati, kuma reshenta kawai ake sarewa a bar shi ya sha iska kwana biyu a kafa.

Idan zaɓi ya tsaya a kan tauraro, lokacin saye mafi kyau shi ne lokacin da take cikin fure, don a ga launin da ido, tunda takardar da ke rataye takan yi kuskure. A ɗauki mai suna wadda aka samar ta reshe ko ta aure, ba ta ƙwaya ba, domin ta ƙwaya ba a san abin da za ta zama ba kuma takan daɗe ba ta yi fure ba. A zare ta daga tukunya a duba saiwar, a bar wadda saiwarta ta yi baƙi ko ta nannaɗe tukunyar ta cure. Ramin ya ninka faɗin tukunyar sau biyu ko uku amma kada ya fi ta zurfi, domin binne wuyan magnoliya yana cikin abubuwan da suka fi kashe ta. A bar mata aƙalla mita biyu tsakaninta da bango, a lulluɓe kewayen gindin da ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace mai kaurin santimita biyar zuwa takwas ba tare da ya taɓa jikinta ba, daga nan kuma kada a sake sa fartanya a wurin, ciyawar da ta fito a cire ta da hannu. A shekaru biyu na farko ana ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya a mako duk lokacin da sama ta ɗauke. Idan wani reshe ya bushe ko ya gitta a kan ɗan uwansa, a cire shi tsakanin Yuli da farkon Satumba, domin yankan da aka yi a ƙarshen hunturu yakan yi ta zubar da ruwa ya kuma daɗe bai warke ba.